Ranakun da ba sa cikin fayil ɗina

Ni mai sikila ce, SS. Tun ina goye aka gano, bayan hannuwana da ƙafafuna sun yi ta kumbura ina kwana ina tsala kuka, Umma tana ta neman maganin abin da ba shi ba, har Allah ya haɗa ta da likitan da ya ce a auna jinina. Yau na haura shekara talatin, ina koyarwa, kuma ina cikin yaran da aka taɓa ce wa iyayensu kada su sa rai da yawa. Alhamdu lillahi. Labarin da zan bayar na wata manhaja ce da aka sa mini a waya, da wata nas da ke zaune a can ɗaya ɓangaren tana karanta abin da nake shigarwa, da yadda su biyun suka sauya zaman da ke tsakanina da asibiti.

Ga wanda bai san ciwon ba, ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kamar kwana 120 tana aiki, tamu kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininmu a ƙasa yake. Sannan takan lanƙwashe ta yi tauri ta toshe ƙananan hanyoyin jini, duk inda jini bai kai ba kuma nan ciwo ke tashi: baya, ƙugu, gwiwa, ƙirji, wani lokaci har muƙamuƙi. A cikin ƙashi yake, yana sara, babu kwanciyar da za ka gyara ya lafa.

Duk bayan 'yan watanni nakan je ganin likita, kuma tambayar ba ta canzawa. “Malama, sau nawa ciwon ya tashi tun zuwanki na ƙarshe?” Sai in ɗaga kai in kalli silin. Wanda ya kai ni asibiti har aka ba ni gado, wannan yana cikin fayil, ba sai na faɗa ba. To wanda ya hana ni barci na lallaɓa da ruwan ɗumi da magani har gari ya waye fa? Wanda na tsaya a gaban ɗalibai ina dafe da teburi ina murmushi fa? Waɗannan sun yi yawan da ba na ƙirga su, kuma ranar ganin likita galibi rana ce da na samu sauƙi, in ba haka ba ai da ban iya zuwa ba. Mutum in ya samu sauƙi sai ya rage wa wahalar baya nauyi. Sai in ce, “Da sauƙi, Likita, sau ɗaya ko biyu.” Ya rubuta. Fayil ɗina ya nuna mace mai ɗan ciwo jefi-jefi, alhali rayuwata duka a kan lissafin ciwo take tafiya.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ɗakin gaggawa. Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna zafin ciwo, maganarka ce kawai shaida. Mu kuma da muka girma a gadon asibiti mun san sunan allurar da ke mana aiki, mun san adadinta. Da ka faɗa sai kallo ya canza. An taɓa ce mini, ina murƙususu a kan benci, “Ke dai kin cika son allura.” Babu mai sikilar da na sani da ba a taɓa jefa masa irin wannan magana ba, kuma zafinta yakan daɗe bayan na ƙashin ya tafi.

Sai daga baya na san cewa an taɓa auna wannan giɓin. A jihar Bajiniya ta Amurka, wasu masu bincike ƙarƙashin Dakta Wally Smith sun ba masu sikila 232 littafin da za su riƙa rubuta ciwonsu kullum har tsawon wata shida, aka buga sakamakon a 2008. Mutanen sun yi ciwo a kashi 54.5 cikin 100 na ranakun, amma ranakun da suka nemi asibiti kashi 3.5 ne kacal. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ma kusan kullum cikin ciwo suke. Ranar da na karanta wannan na daɗe ban ce komai ba. Na girma ina zaton raki ne da ni, ashe yawancinmu haka muke, asibiti ɗan ƙaramin yanki kawai yake gani.

Da likitana ya ɗora ni a kan hydroxyurea, maganar ƙirge ta zama dole. Maganin yana ƙara irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Babban gwajin da aka yi masa da manya 299, wanda aka buga sakamakonsa a 1995, ya nuna masu shan sa ciwonsu na tashi kamar sau 2.5 a shekara, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuma sau 4.5. Amma ba ya aiki yau-yau, sai an yi watanni, ana auna jini ana daidaita adadin da za a sha. Likita yana bukatar sanin ko yana mini aiki, don haka aka ba ni takarda mai layi-layi in riƙa cikewa kullum. Duk wanda ya taɓa zama a bencin jiran likita ya ga yadda ake cike irin wannan takarda: an aro biro, an ɗora a cinya, ana ƙoƙarin tuno Talatar makon jiya. Ba ƙarya mutane ke yi ba, kunyar miƙa takarda babu komai ce, sai su cike da abin da suke zaton ya faru. Wannan ma an gwada shi. A wani bincike da aka buga a 2002, Arthur Stone da abokan aikinsa sun ba masu ciwo mai daɗewa littafin rubutu da aka ɓoye wa wata 'yar na'ura mai lura da lokacin da aka buɗe shi. A rubuce, mutanen sun cike kashi 90 cikin 100 a kan lokaci. Na'urar ta ce kashi 11 ne. Waɗanda aka ba littafin lantarki mai buga lokaci da kansa kuwa sun cike kashi 94 a kan kari. Ka duba yawan magungunan da aka yanke wa hukunci bisa irin waɗannan takardu.

Ana cikin haka aka ce asibitinmu zai shiga wani bincike da za a riƙa bin masu sikila ta waya, likitana ya tambaye ni ko ina so. Aka zaunar da ni da takardar amincewa mai shafuka da yawa. Wata nas ce ta bi ta da ni layi-layi, dattijuwa mai sanyin magana, wadda kowa ke kira Sista. Ta ce ba dole, in na ƙi babu abin da zai canza a kulawar da ake ba ni, in na shiga kuma duk ranar da na ga dama zan iya fita ba sai na ba da dalili ba. Ta ce sunana ba zai bi bayanan ba, lamba za a ba ni, takardar da ta haɗa lambar da sunan kuma tana kulle a wajensu. Na tambaye ta wa ya ba su izinin yin binciken, ta ce akwai kwamitin da ke duba kowane bincike kafin a taɓa mutum ko ɗaya, kuma tun 1964 likitocin duniya suka yi yarjejeniya a Helsinki a kan haƙƙin wanda ake bincike da shi. Na sa hannu.

Manhajar ba wani abin kallo ba ce. Da safe da dare waya za ta yi ƙara. Akwai hoton jikin mutum, gaba da baya, sai in taɓa inda ke mini ciwo ya yi ja. Sai in ja wani ɗan layi daga sifili zuwa goma. Sai 'yan tambayoyi: kin sha maganinki, kin sha na rage zafi, wanne, kin yi barci, akwai zazzaɓi, numfashi fa, kin iya fita aiki? Ba ya kai minti biyu. Abin da ya ba ni haushi da farko shi ne in lokaci ya wuce, ya wuce, ba ta yarda in koma in cike jiya. Na kai ƙara wajen Sista, ta yi dariya ta ce, “Ƙanwata, ai amfaninta ke nan. Gara mu ga gurbi babu komai da mu ga abin da kika tuno.”

Duk abin da na shigar yana zuwa wani allo a kwamfutarta. An tsara shi yadda in ciwo ya haura wani mataki kwana biyu a jere, ko na ce akwai zazzaɓi, ko ƙirji, lambata za ta yi ja a gabanta. Mu masu sikila zazzaɓin da ya kai 38.5 ba na jira ba ne, saboda saifarmu ta daina aiki tun muna yara, ƙwayar cuta kan yi mana illa cikin sa'o'i. Na san wannan tun ina ƙarama. Amma sani daban, tashi ka tafi asibiti cikin dare daban, musamman in ka tuna kallon da za a yi maka.

Wani dare na shigar da ciwon baya da na haƙarƙari, mataki shida, da ɗan zafin jiki. A lissafina irin wanda ake lallaɓawa a gida ne. Da safe na ƙara cewa numfashi yana mini ɗan nauyi. Ban ajiye wayar da daɗewa ba ta yi ƙara.

“Ƙanwata, kina ina?”

“Ina gida, Sista. Da sauƙi, zan sha magani in kwanta.”

“Ja numfashi mai tsawo in ji.”

Na ja, tari ya sarƙe ni.

“Wa ke kusa da ke? Ba shi wayar.”

Na miƙa wa Yaya. Ban ji me ta ce masa ba, na dai ga ya ɗauki makullin mota bai ko canza riga ba. Da muka isa an riga an san da zuwana, an fito da fayil. Hoton ƙirji ya nuna inuwa a huhu ɗaya. Wannan shi ne ciwon ƙirjin da ke cikin manyan abubuwan da ke kashe manya masu sikila, kuma yakan fara ne a sulale, yana kama da tashin ciwo na yau da kullum, kafin ya rufe mutum. Aka sa mini iskar oksijin, aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka yi mini ƙarin jini. Na kwanta na 'yan kwanaki aka sallame ni da ƙafata. Rai na hannun Allah, amma na san abin da na yi niyyar yi a safiyar nan, kwanciya ce.

Mutane in na ba su wannan labari sai su ce, kai, fasaha ta yi. Ni kuwa nakan ce waya ba ta san tari ba. Abin da manhajar ta yi shi ne ta kai maganata gaban wadda za ta iya yin wani abu a kai, a ranar da abin ke faruwa, ba bayan wata uku ba. Kuma in ka duba binciken da ya fi ƙarfi a wannan fanni, haka za ka tarar. A wata babbar cibiyar masu cutar kansa a birnin New York, Dakta Ethan Basch ya raba marasa lafiya 766 gida biyu. Kashi ɗaya suna shigar da alamomi 12 na rashin lafiya ta intanet, in abu ya tsananta saƙo ya je wa nas, ɗaya kashin kuma suna jiran ranar ganin likita yadda aka saba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna na farkon sun rayu kamar wata 31, na biyun wata 26. Wata biyar, ba tare da sabon magani ba. A Kenya ma, a binciken WelTel da aka buga a 2010, ko manhaja babu. Saƙon tes ne guda a mako ake tura wa masu shan maganin HIV ana tambayar lafiyarsu, wanda ya ce akwai matsala ko ya yi shiru kwana biyu sai ma'aikacin asibiti ya kira shi. Cikin mutum 538, masu samun saƙon sun fi riƙe shan magani, kuma an fi samun waɗanda ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu, kashi 57 a kan 48. A duka biyun akwai mutum zaune a ƙarshen layin, an ba shi lokaci da ikon ɗaukar waya ya kira.

Bayan wasu watanni likitana ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Karo na farko ke nan da na ga ciwona a zane, layi yana hawa yana sauka. Ya ce, “Malama, kalli nan, da nan, da nan. Me ke faruwa a waɗannan ranaku?” Na duba kwanakin. Gab da al'adata ne, kusan kowane wata. Shekara da shekaru ina jin haka a jikina, na taɓa faɗa ma aka ce ciwon mara ne irin na kowace mace. Sai ga shi a zane, babu gardama. Muka ga wani kuma: duk makon da na yi ta kwana a kan takardun jarrabawar ɗalibai, barci ya ragu, bayan kwana biyu layin zai hau. Muka tsara abin da zan riƙa yi kafin waɗannan ranaku, yawan shan ruwa, fara maganin rage zafi da wuri, rage aiki. Ya kuma ɗora zanen a kan sakamakon gwajin jinina, ya ga akwai sauran wuri, ya ƙara mini adadin hydroxyurea a hankali yana bin jinin. Ban warke ba, sikila tana nan. Amma ranakun da nake iya tsayawa a aji sun ƙaru, kuma ba zato nake yi ba, na gani.

Wani abu ƙarami da ya fi mini komai daɗi shi ne shafi guda a cikin manhajar da likitana ya cike ya sa hannu: irin jinina, inda jinina ya saba tsayawa in ina lafiya, magungunan da jikina ba ya karɓa, da allurar da za a yi mini in ciwo ya tashi da adadinta. Na taɓa faɗawa ɗakin gaggawa a wani gari da ba a san ni ba. Ban yi dogon bayani ba, na miƙa wayar. Matashin likitan ya karanta, ya dube ni, ya ce, “Sannu, Malama, yanzu za a yi miki.” Maganar da na shekara ashirin ina faɗa da bakina ana tantama, ita ce dai a rubuce. Na ji daɗi, na kuma ji wani ɗaci, don ban ga dalilin da zai sa gilashin waya ya fi ni gaskiya ba.

Akwai inda abin ya gaza, kuma tun da shaida nake bayarwa sai in faɗa duka.

Ranar da ciwo ya kai tara ko goma, ba na iya riƙe waya. Yatsun kansu ciwo suke, hasken allo yana sukar ido, tambaya ta uku ma ba na fahimtar ta. Saboda haka ranakun da suka fi muni su ne ba sa cikin bayanan. Wanda ke zaune da alƙaluma a ofis zai ga gurbi, yana iya ɗauka mantuwa ce ko kasala, ya cire ranar daga lissafi, sai matsakaicin ciwona ya fito ƙasa da yadda yake. Na faɗa wa masu binciken a wani zama da suka kira mu. Wani saurayi cikinmu ya ce shi ma haka, wata uwa ta ce ita ke cike wa 'yarta a irin ranar, ba ta san ko daidai ne ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga baya suka ƙara babban maɓalli guda, in ka danna shi kaɗai ya isa, yana nufin ciwo ya fi ƙarfin rubutu. Da an zauna da mu tun kafin a zana manhajar, da tun ranar farko yana nan.

Sai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin, wadda aka ba wasunmu. Haske take harbawa ta cikin fata, kuma an daɗe da sanin launin fata yana iya rikita ta. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da take nunawa da gwajin jini na ainihi. Cikin waɗanda ta ce iskarsu na tsakanin 92 da 96, wato lafiya lau, an samu kashi 11.7 na baƙaƙen fata iskarsu ta yi ƙasa da 88, fararen fata kuma kashi 3.6. Ninki uku. Ni baƙa ce, ga jinin sikila wanda shi ma yana da nasa rikicin da wannan na'ura. Sista ta ja mini kunne tun farko: “In numfashinki ya ce miki wani abu, na'ura ta ce wani, bi numfashinki ki taho.” Wanda ba shi da Sista fa, ya sayi na'urar ya ga 95 ya koma ya kwanta?

Gajiya ma gaskiya ce. Tun da kamfanin Apple ya fito da ResearchKit a 2015, wato kayan aikin da masu bincike ke haɗa manhajar binciken lafiya da shi, aka riƙa yin binciken da mutum zai shiga daga ɗakinsa. A na masu cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, mutum zai riƙa bubbuga allo da yatsa, ya ja murya a makirfo, ya sa waya a aljihu ya yi tafiya, wayar tana auna rawar jikinsa. Dubban mutane sukan shiga cikin 'yan kwanaki, abin da a da sai an yi shekaru ana nema. Amma da aka tattara irin waɗannan bincike guda takwas masu mutum sama da 100,000 aka duba a 2020, rabin mutanen ba su wuce kwana biyar da rabi ba suka daina. Waɗanda likitansu ne ya turo su sun fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ban yi mamaki ba. Ni ma akwai lokutan da ƙarar wayar nan ke tuna mini da ciwo a ranar da na tashi lafiya ina so in manta ni mai sikila ce. Abin da ya riƙe ni shi ne na san in na yi shiru za a kira.

Waɗanda ba su shiga ba tun farko su ne suka fi tsaya mini a rai. A bencin da muke jira akwai wadda wayarta ba ta ɗaukar manhaja, akwai wadda waya ɗaya ce a gidansu kuma tana hannun mijinta, akwai dattijon da ba ya karatu, akwai wanda harshen da aka rubuta tambayoyin ba nasa ba ne. Sau da yawa su ne ciwon ya fi ci. In sakamako ya fito za a ce ga abin da aka gani a masu sikila, alhali abin da aka gani a masu sikila masu babbar waya ne.

Maganar sirri kuwa ban ɗauke ta da wasa ba. Wayata ta san ranar al'adata, ta san daren da na sha magani mai ƙarfi, ta san sau nawa na kasa zuwa aiki. Mai ɗaukar aiki in ya ga wannan ba sai ya ce komai ba, zai dai kira wani. Manhajar bincike tana da kwamiti a kanta da takardar da na sa wa hannu. Dubban manhajojin lafiya da ake saukewa kyauta ba su da wannan. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhumi kamfanin manhajar Flo, wadda miliyoyin mata ke lissafin al'ada da ita, da miƙa bayanan lafiyar masu amfani da ita ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ya yi alƙawarin ɓoyewa, aka ƙare da sulhu. Tun daga nan kafin in sauke kowace manhaja nakan duba wa ya yi ta, da me yake samun kuɗi, kuma ko akwai hanyar goge abin da na shigar.

Sannan binciken ya ƙare. Kuɗin da aka ware masa na wani lokaci ne, lokacin ya cika. Aka turo mana saƙon godiya, bayan 'yan makonni manhajar ta daina buɗewa, aka mayar da Sista wani sashe. Ranar farko da na tashi da ciwo na ɗauki waya na tuna babu mai gani, sai da na yi hawaye. An koya mana dogaro da abu, an tabbatar yana amfani a jikinmu, sannan aka naɗe shi. Ban zargi Sista ko likitana ba, su ma ba a hannunsu yake ba. Amma ina ganin duk mai shirya irin wannan bincike ya kamata ya amsa tambaya ɗaya tun kafin ya fara: in ya yi aiki, wa zai ci gaba da biyan wanda ke karantawa? Wasu ƙasashe sun fara neman amsa. A Jamus an yi doka a 2019, kuma tun daga ƙarshen 2020 likita na iya rubuta wa mara lafiya manhaja yadda yake rubuta magani, inshorar lafiya ta biya, in dai manhajar tana cikin jerin da hukuma ta tantance. Ko a can ana ta muhawara a kan tsada da ƙarfin hujja, amma aƙalla an mayar da abin cikin tsarin asibiti, bai rataya a kan tallafin da zai ƙare ba.

Na rubuta na nemi bayanaina, tun da takardar amincewa ta ce ina da haƙƙi. Sai da na yi ta bibiya, amma an ba ni, na buga na sa a cikin fayil ɗina na gida. Yanzu da wata manhaja mai sauƙi nake amfani, wadda ke ajiye komai a cikin wayar ba ta tura wa kowa. Ina shigar da ciwo, barci da magani, ranar asibiti in nuna wa likita zanen, shi kuma ya saba, da na zauna yake miƙo hannu. Shafin nan mai sa hannunsa na ɗauki hotonsa, akwai a wayata, akwai a ta Yaya. Abin da babu shi ne mai kira, don haka muka yi yarjejeniya a gida: in zafin jiki ya kai 38.5, ko ƙirji ya shiga, ba a tambayar ra'ayina, mota kawai ake tayarwa.

Kwanan baya aka sake gayyatata wani binciken, wannan karon da agogon hannu mai auna bugun zuciya da barci, ana so a ga ko za a iya hango tashin ciwo kafin ya zo. Na je da tambayoyina a rubuce: wa zai riƙa duba abin da agogon ke turowa, da dare ma akwai mai dubawa, an gwada shi a kan fata irin tawa, me za a yi wa wanda ba shi da babbar waya, za a faɗa mana sakamako, kuma ranar da aka gama me zai rage a hannunmu. Matashiyar da ke ɗaukar sunaye ta amsa huɗu, ta ce sauran biyun sai ta tambayi shugaban binciken. Na ce mata ba komai, in ta samo amsar ta kira ni, sai in sa hannu.